Ƙafar Auduga

Kullum da safe, kafin a fara lodi, sai ya tayar da motar ta yi ɗumi, ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon man giya ya goge a farin tsumma. Ya mayar, ya sake zarowa, ya kai tsumman hanci. Jajir, babu ƙauri ko kaɗan. Sai ya lumshe ido ya yi doguwar ajiyar zuciya, ya dafe ƙugu ya miƙe.

Direbobi suka sa masa Ƙafar Auduga, wai don taushin takunsa a kan totur. Bai taɓa ƙin sunan ba, don mutum ne mai son yabo kamar yadda akuya ke son dusa. Amma duniya ba ta da adalci: ana yabon ƙafar, babu mai tambayar bayan da ke ɗauke da ita, wanda tun tuni ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Motar tasa rufaffiyar motar kaya ce, mai canja giya da kanta, tana kai buhunan fulawa gidajen burodi. Sa'anninta duk sun zama kwanon rufi da murhu. Ranar da maigidansa, mai kamfanin, yake kwance ciwon ajali, ya kama hannun direban ya ce kada ya bar motar nan. Shi kuwa, da yake ɗakin cike yake da mutane, kuma bakinsa ba ya raina taro, ya daki ƙirji ya ce, "Wallahi ba zan bar ta ba sai ta bar ni."

Matar marigayin ta gaji kamfanin, kuma ba ta da zagaye-zagaye. "Giyar nan ta fi motar tsada," ta ce masa. "Ranar da ta mutu ba zan gyara ba. 'Yan gwangwan su ɗauke ta, kai kuma ka koma gida ka zauna."

Tun daga nan ba ya ƙetare safiya bai duba man ba.

Aiki kuwa bai rage ba. In masu lodi suka ce an cika, sai ya ce a ƙara buhu, ai namiji ba ya dawowa sau biyu. Akwai hanya shimfiɗaɗɗiya ta gefen gari, amma shi ta tudun bayan asibiti yake bi, da tsakar rana, wai ta fi kusa. Ƙananan direbobi kan tambaye shi wane irin mai yake zubawa, kuma bayan wata nawa yake canjawa. Sai ya gyara hula ya ce, "Yaro, sirrin sana'a ba a sayar da shi a bakin titi."

Layinsu ƙunci gare shi, don haka a garejin ƙaninsa Auta yake kwanar da motar. Auta bakanike ne mai ƙarancin magana, wanda har gobe ba ya iya kallon yayansa ido cikin ido. A 'yan watannin nan ma ba a ganinsa, yana can yana jinyar surukinsa.

Wata safiya tsumman ya fito ruwan ƙasa.

Ƙafar Auduga ya kai shi hanci, ƙauri ya doke shi kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ranar, a tsakiyar tudu, injin ya yi kuka motar ba ta ja ba, sannan giyar ta shiga da bugu, har buhu ya faɗo.

Ya je ofis ya faɗa wa uwar ɗakinsa. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari. In gobe ma haka ta yi, shi ke nan." A gida matarsa ta zuba masa abinci, ta zauna ta yi tagumi. Shi kuwa ya cinye tas, ya nemi ƙari, ya kwanta bai ko juya ba.

Da gari ya waye ya sa rigarsa mai kyau ya nufi gareji.

Motar tana kan rami. A gefe ga bokiti cike da baƙin mai, ga tsohuwar filta a kan jarida. Auta ya fito daga ƙarƙashi, mai har gwiwar hannu, yana murmushi irin na wanda aka kama yana aikin lada.

"Yaya, ka yafe mini. Jinyar nan ce ta sa na yi sakaci, saura ƙiris ta ƙone. Amma na tare ta."

"Ka tare me?"

"Giyar mana. Na juye man, na wanke kwanon giyar, na sa filta sabuwa. Ai tun rasuwar maigida nake yi a kai a kai, ban so ka sani ba. Har ƙaramar lagireto na ɗaura mata don tudun nan naka, kada man ya riƙa tafasa." Ya shafa jikin motar. "Kai ka riƙe ni, kai ka sa ni a sana'a. Ina raye ba za a ce ka koma gida ba. In Allah ya yarda sai ta ƙara shekara goma."

Ƙafar Auduga ya laluba bayansa ya sami wata tsohuwar taya ya zauna a kai, da rigarsa mai kyau. Ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya daɗe yana kallon bokitin.

"Yaya, ba sai ka gode ba."

"Auta," ya ce a hankali, "tun ranar da na yi rantsuwar nan ban taɓa zuba mata ko cokali ɗaya ba, kashe ta nake ta ƙoƙarin yi in huta."