Allurar Danƙo

Tun hantsi Talatuwa ke bin layi a asibitin unguwa, ga cikin wata shida, ga ƙafafu sun kumbura. Yau ce rana ta ƙarshe da za a iya yi wa ɗan cikinta allurar danƙo, kuma ɗan da aka haifa babu ita, ba makarantar da za ta karɓe shi.

Da layi ya zo kanta, nas ɗin ko ɗago kai ba ta yi ba. "Jijiyar ƙwaƙwalwa kamar yaɗon kabewa take, inda aka shafa danƙo nan take kamawa," ta zubo kamar hadda. "Lissafi, harsuna, ko aikin hannu?"

"'Yata ta fari lissafi aka yi mata," in ji Talatuwa. "Ta san ƙwayar shinkafa nawa ce a kwano, amma in na dawo daga unguwa ba ta waiwayowa. Sista, babu na sanin uwa?"

"Wannan da kansa yake tsirowa, in ya sami wuri."

"To a rage danƙon mana, ko kaɗan ne."

Sai a lokacin nas ta dube ta. "Inji ke aunawa, 'yar'uwa. Ni ma nawa uku ne a gida, duk Sista suke ce mini. Kwanta."