Gwajin Mantuwa

"Mama, maimaita mini kalmomin da na faɗa miki ɗazu," in ji likita.

Tsohuwar ta ƙura wa bango ido. "Fitila..." Sauran sun bi iska. Ta waiwayi 'yarta, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

"Ba komai. To, zana mini agogo."

Ta zana da'ira. Lambobin duk suka cunkushe a gefe ɗaya kamar masu fakewa ruwan sama. Ta yi jifa da biron.

"Wannan ai cin fuska ne! Da furfurata za a mai da ni 'yar firamare? Wane marar aikin yi ne ya ƙirƙiro wannan gwaji?"

"Wata masaniyar ƙwaƙwalwa ce," ya ce. "Ta yi shekara da shekaru tana bincike da abokan aikinta na ƙasashe daban-daban. Yau da shi asibitoci ke gano ciwon mantuwa tun da wuri."

"To, ka gaya mata ba ta da tausayi. Da ta taɓa zama a kujerar nan, da ba ta yi ba."

'Yar ta fashe da kuka.

Likita ya durƙusa ya ɗauko biron, ya sa mata a hannu.

"Ga ki a kai, Farfesa. Gwajinki ne. A ajinki kika sa muka yi alkawari, duk ranar da aka kawo ki, kada mu raga miki ko tambaya ɗaya."

Ya share idonsa.

"Bayan fitila, sai me?"