Hannuwan Makanike

"Zuba hannuwanka a aljihu, ka kama bakinka," in ji manajan sito ga makanikensa. "In ba haka ba, a bakin aikinka."

Makaniken ya dube shi sheƙeƙe. Wata shida yana roƙon safar hannu don gyaran batirin motar ɗaga kaya, sai yau da sufeto zai zo aka rataye sababbi fil a bango.

Sufeton ya zagaya sito, ya yaba, ya sa hannu a takarda. Zai fita, ya miƙa wa makaniken hannu.

"Sannu da aiki, baba."

Manaja ya zare ido. Makaniken ya karɓi gaisuwar da hannu bibbiyu, duk ruwan batir ya cinye fatarsu.

Sufeton ya daɗe yana kallonsu.

"Manaja, dawo min da takardar nan."