Tela da Haƙoran Kan Sarki

Kafin ka kai tsohon akwatin nan na gyatumarka wurin mai fenti, tsaya in ba ka wani misali.

An yi wani tela a garinmu, mutumin kirki, mai hannu ƙwarai, sai dai Allah ya ɗora masa ƙin ganin abu a karkace. Ko a sahun salla ya hangi zare yana reto a rigar na gabansa, hannunsa zai yi ta ƙaiƙayi har a sallame. To, kekensa na ɗinki ya tsufa, kullum sai tsinka zare da karya allura, masu kawo ɗinki suka fara zamewa, ga kuma salla ta ƙarato, lokacin da tela ke samun na shekara. Matarsa ta lura da yadda yake dawowa gida jiki a sanyaye. Rannan ta buɗe adudunta, ta ciro wani ƙullin tsumma ta miƙa masa. A ciki akwai kan sarki guda ɗaya, irin wanda ake manna wa wasiƙa, bai fi farcen babban yatsa ba, launin shunayya, da hoton wani Bature mai gemu. Na kakanta ne, wanda ya yi aikin ɗaukar jakar wasiƙu a ƙafa tun babu mota, kuma wannan kan sarkin kaɗai ya rage mata na gidansu. Ta ce ta ji ana sayen irinsu, ya je ya gwada ko a sami na sabon keke. Telan ya karɓa cike da kunya da ƙaunarta.

Ya kai wa wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda ke saya wa masu tara irin waɗannan kaya. Dattijon bai ko taɓa shi da yatsa ba, da hantsaki ya ɗauka. Ya sa madubi mai ƙara girma ya bi 'yan haƙoran gefensa, ya ga babu wanda ya ɓalle. Ya ɗaga shi sama rana ta haska, wata alama da ke ɓoye cikin takardar ta bayyana. Sannan ya karanta baƙin hatimin da aka buga a kai, mai sunan garin da wasiƙar ta fito. Ya ce wannan na gaske ne, tun kafin a haɗa Arewa da Kudu aka buga shi, kuma zai sayi keke har da canji. Ya ce telan ya dawo da shi gobe, shi zai yi magana da mai saye.

Da safe telan ya shimfiɗa kan sarkin a kan teburin yanka, ya ƙura masa ido, sai abin ya dame shi. Ina dalili a kai kayan matarsa gaban manyan mutane gefe duk zigi-zigi kamar ɓera ya ci, ga baƙin tawada ya shafe rabin gemun? Ya ɗauko almakashinsa mai kaifi, ya datse haƙoran nan tsaf, gefe huɗu, layi ya miƙe sambal. Ya jiƙa ƙyalle da ruwan sabulu ya goge hatimin a hankali. Hatimin ya dushe, shunayyar ma ta bi shi. Ya ɗora dutsen guga don ya bushe. Bai taɓa yi wa rigar wani attajiri aiki da irin wannan kulawa ba, kuma da ya gama sai da ya ji daɗi a ransa.

Da telan ya koma da shi, dattijon ya dubi abin da aka ajiye gabansa. Daga nan ya ninke madubinsa, ya ce, "Bawan Allah, abin da ka yanke da abin da ka wanke, su za a saya. Wannan yanzu takarda ce kawai."

Telan ya koma gida. Ba keken ne ya fi ci masa rai ba, yadda zai dubi matar ne. Ita kuwa ta karɓi ɗan abin ta jujjuya shi a tafin hannu, idonta ya ciko, amma ta yi dariya. Ta ce, "Malam, ai ka yi masa aski. Bar shi, dama zuciyata ba ta so rabuwa da shi ba." Ta mayar da shi cikin tsummansa, ta zuba wa mijinta tuwo.

Sallar nan da tsohon keke ya yi ta, rabin ɗinkin ya tafi shagon maƙwabci. Har ya tsufa, in ya ɗaga almakashi zai datse wani abu da ba a ce ya datse ba, sai ka ga ya dakata, ya ajiye.

Don haka ka bar akwatin nan da tsatsarsa, ka fara tambayar wanda ya sani. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.