Hazo a Idon Kyamarar Illo

Karo na uku ke nan Illo mai hoto yana fitowa daga ɗakin wankin hoto yana girgiza kai. Ya miƙa wa Mamman ƴar takardar tana ɗigar ruwa. Hula ta fito, kafaɗu sun fito, amma fuskar sai ka ce an shafe ta da koko.

"Idon kyamarar nan ya kamu," in ji Illo. "Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba."

Mamman ya sake duban hoton. Shekarar fari ce. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, tabkin Madarumfa ya ja baya har masunta na takawa inda a da suke tuƙa kwalekwale. Ana cikin haka kawunsa Ɗan Baba, mai gadi a wani kamfanin haƙar ma'adini can bayan Agadas, ya samo masa gurbin lebura. Takarda ta iso da sunansa. Abu guda ya rage, a manna mata hoto mai kyau, don mai kiran suna bai san kowa ba, fuskar da ke jikin takarda kawai yake dubawa. Kamyon kuwa, babbar motar ɗaukar ma'aikata, ranar Juma'a zai tashi.

Matarsa Ɗelu ta ce ya tafi Maraɗi mana, ai masu hoto sun cika gari. Mamman har da ɓata rai. Shi da Illo rana ɗaya aka yi musu kaciya, a kan tabarma ɗaya suka yi jinya. Ya ɗauki fuskarsa ya kai wa baƙo, alhali amininsa na zaune sana'a ta mutu masa? Wa ke ɗaukar hoto da yunwa a ciki? Haba, ai da kunya.

Sai suka duƙufa neman ciwon. Illo ya ce ƙura ce, suka hure gilashin, suka goge da tsumma mai laushi. Ya ce raɓar tabki ce ta shige ciki, suka shanya shi a rana kamar kuɓewa. Ya kwance zobban idon kyamarar, ya ɗaga gilashin sama yana nuna wa Mamman wani ɗan tabo. Mamman ya ƙura ido har ya yi ƙwalla bai ga komai ba, amma ya ce ya gani. Mai sana'a ai ya fi shi sani.

Kowane gwaji haka yake tafiya. Mamman ya zauna a kan kujera ya sandare, Illo ya leƙa, ya daidaita, ya ɗago, sannan ya ɗan murza zoben gaba da yatsa biyu kafin ya danna. Hoto ya fito da hazo.

Ranar Laraba Illo ya zo da wata dabara.

"Tashi in zauna, kai ka danna. Ba ni hular ma, ƙila farinta ke kashe hasken."

Ya daidaita kyamarar a kan kujerar, ya zagaya ya zauna, ya gyara zaman hula. Mamman ya kai hannu zai murza zoben kamar yadda ya saba gani.

"Kai, kar ka taɓa! Danna kawai."

Ya danna. Illo ya daɗe a ɗakin wanki, ya fito hannu wofi, ya ce wannan ma ya fi sauran lalacewa, ya yage shi don haushi. Babu abin da ya rage sai ya kai gilashin Katsina wurin wani mai gyaran agogo. Mamman ya bar takardar da hular a shago, kada su yi dauɗa, da ya dawo sai a ɗauka a manna nan take.

Daɗi ya kama Mamman har ya rasa bakin godiya. Mutum zai ƙetare iyaka saboda kai! Ɗelu ta kankare ƙasan tukunya ta dama wa Illo ɗan abin da ya saura na fura, Mamman ya raka shi har bakin hanya yana yi masa addu'a.

Alhamis ta wuce, shago a kulle. Juma'a ta waye, shago a kulle. Mamman bai ma fara tunanin kansa ba, Illo yake ji. Ko masu tsaron iyaka sun tsare shi? Ko mota ta lalace da su a daji? Allah sarki, shi ya jawo masa wannan wahala.

Da hantsi ya nufi inda kamyon ke tsaye, ko ya roƙi arziki a jira shi. Mutane sun yi dafifi, mata na kuka, maza sun naɗe fuska da rawani saboda doguwar hanya. Ya kutsa har gaban mai kiran suna. Mutumin bai ko dube shi ba. Yana karɓar takarda, ya kira suna, ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya ce a hau.

"Mamman ɗan Atika!"

Mamman ya matsa gaba. Ya buɗe baki zai amsa, sai wani daga gefensa ya riga shi.

"Na'am."

Mai kiran suna ya ɗaga takardar, wanda ya amsa ya sauke rawani daga fuskarsa. Hoton ya fito tangaran, ba hazo ba tabo, har zaren ɗinkin farar hular Mamman ana gani, kuma Mamman ya san hoton sarai, don shi ya ɗauki Illo da hannunsa ranar Laraba.