Miyar Shozo

Fumie ta gama aikinta na jera wa baƙi silifa a gidan marigayi tsohon firaminista, wanda aka mayar gidan tarihi, ta tsallaka lambun shaƙatawa, ta zube kan benci. Shozo mai gyaran itatuwa ya tsaya yana murza hularsa.

"Fumie-san, za ki riƙa dafa min miyar miso kowace safiya?"

Ta lumshe ido. Da wannan maganar marigayi mijinta ma ya nemi aurenta.

"Shekara ashirin da shida ina dafa ta, Shozo-san. Na gaji. Gidan can ya fi min, mai shi ba ya ta da kowa da asuba."

Can ya buɗe fulas, ya tsiyaya mata wadda ya dafa.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi yawa. Gobe ka rage."