Sa Hannu Biyar a Asabar Ɗaya

Da a ce wani ya tare Inusah a bakin ƙofa ranar nan ya karɓe biron da ke aljihunsa, da ya yi masa babban gata. Amma ba wanda ya hango abin da ke tafe.

Asabar ce cikin watan Maris na 1996. Inusah mutumin Zongon Kumasi ne, yana aikin gadi a ƙasar Turawa, a wani ofis kusa da tashar Charing Cross, yana zaune a unguwar Peckham da matarsa Ajara da 'ya'yansu uku. Injin wankinsu ya mutu, Ajara kuma ta gaji da durza kayan makarantar yara a cikin baho.

Shi Inusah a kasuwa ya tashi. Mahaifiyarsa Mma Abibatu atamfa take sayarwa, ita ta koya masa cewa ba a saye a rumfar farko, sai an zagaya an ji na kowa. Don haka ya shiga kanti biyu a Rye Lane, ya hau bas zuwa Lewisham ya ƙara uku. Ko'ina ya tambayi nawa zai riƙa biya a wata idan ya ɗauki injin, sai a miƙo masa fom a ce ya cika a duba. Ya cika, ya sa hannu, ya ji farashi, ya yi gaba.

"Ina injin?" in ji Ajara da ya dawo.

"Ke ba ki san ciniki ba. Yau jin baki na je yi."

"To, Baban Rukayatu, bakin ne zai wanke mana kaya?"

Suka yi dariya, magana ta wuce.

Bayan mako uku ƙanensa ya bugo waya daga Kumasi: Mma ta faɗi, tana asibiti, sunansa kawai take kira. Da safe Inusah ya garzaya banki ya roƙi a ƙara masa iyakar abin da zai iya kashewa da katinsa na bashi, don ya yanki tikitin jirgin jibi. Shekara shida yana da katin, bai taɓa makara wajen biya ba.

Aka ce ba za a ƙara ba.

Yana zaune ya dafe kai, yana salati a hankali, sai wata ma'aikaciyar bankin ta matso. Sunanta Juliana, 'yar Jos ce.

"Baba, lafiya?" ta ce da Hausa. Da ta ji labarinsa, ta tambaye shi, "Kwanan nan kun nemi bashi a wani wuri?"

"Ni? Ko fam ɗaya ban ci ba, 'yata. Tambaya kawai na yi."

"Kun sa hannu?"

"Sau biyar."

Ta girgiza kai. "Baba, a nan fom ba tambaya ba ce, neman bashi ne. Duk inda kuka sa hannu, suna bincika sunanku a kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, binciken kuma yana barin sawu. Sawu biyar a rana ɗaya, sai a ɗauka mutum ya shiga matsi yana neman kuɗi ko ta ina. Makin da ake auna amincinku wajen biyan bashi da shi ya sauka, banki ya ji tsoro."

"Ba sa ganin ban saya ba?"

"Sawun suke gani, ba niyya ba."

Ta rubuta masa adireshin da zai aika ya ga takardar tarihin bashinsa da idonsa, ta ce ya bar cika kowane fom na wasu watanni.

Ranar Juma'a bayan salla, 'yan'uwansa na zongo da suke masallaci ɗaya a nan suka ji, suka haɗa masa abin tikiti nan take, ba wanda ya ce a rubuta sunansa. Sai dai jirgin farko ya wuce, kujera ba ta samu ba sai bayan kwana tara. Ko da ya isa Kumasi, bakin Mma ya riga ya rufe. Kwana biyu ya yi a gefenta yana riƙe da hannunta, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Har gobe Inusah yana gode wa Allah da ya nufe shi da tarar da ita da rai. Yana yi wa mutanen masallaci addu'a, yana yi wa Juliana fatan alheri.

Jama'a, musamman mu iyaye masu iyali a wuya: kafin ku sa hannu a kowane fom, ku tambaya ko za a bincika sunanku. Jin farashi daban, neman bashi daban. Kada ku tara bincike a banza, domin ranar da buƙata ta gaskiya za ta zo ba ta yin sallama.

Abu ɗaya ne Inusah bai sani ba har yau: ko Mma ta gane hannun wanda ke riƙe da ita.